Gwanintar da Tafin Hannu Ke Shaida

Mahaucin da ke aiki a mayankar Oko-Oba ta Agege idan zai sayi wuƙa, kaifi ba shi ne farkon abin da yake dubawa ba, don kaifi aikin dutsen wāshi ne kuma gobe ma zai sake wasawa. Ƙotar yake kamawa. Ya damƙe ta, ya juya ta, ya ɗan girgiza hannu ya ji ko nauyinta ya zauna daidai. Mutumin da zai wuni yana fiɗa, hannunsa cikin jini da kitse, ya san ƙota mai santsi za ta suɓuce, mai kaushi kuma za ta tayar masa da bororo kafin azahar. Wanda ya iya sassaƙa ƙotar da ta tsallake waɗannan matsaloli biyu gwani ne, ko da kuwa ba a san sunansa ba.

Kafinta yana yin gado da kujera da kabad, ido ne ke yanke musu hukunci, kuma fenti na rufa musu asiri. Akwai wani rukunin kayan icce da ba su da wannan gata: ƙota, muciya, ludayin icce, allo, carbi, sandar dattijo, lofe. Duk a hannu suke kwana, a hannu suke tashi. Tafin hannu kuwa yana jin tudun da ido bai gani ba, shi ya sa nake ganin sassaƙar ƙananan kayan riƙewa ta fi ta manyan kaya wuya nesa ba kusa ba.

Aikin daga zaɓen icce yake farawa, kuma a nan masassaƙin Hausa yana da ilimin da ya gada kaka da kakanni. Ƙirya ce ta turmi da taɓarya, saboda tauri da nauyi, gara ma ba ta cika kusantarta ba. Marke na ƙotar gatari da fartanya ne, don yana jure duka. Aduwa ita ce ta allo, jikinta a matse yake, yana ɗaukar tawada, ana wanke shi safe da yamma shekara da shekaru bai farfashe ba. Kanya tana da tsantsan jiki, maɗaci yana da jan launi mai kyau kuma yana biyayya ga wuƙa, madobiya kuma ita ce sarauniyar zane, ja da ruwan ƙasa suna ratsa juna. Hausawan da suka zauna a Zangon Agege saboda fataucin goro, musamman bayan da layin dogo ya ratsa garin ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, sun zo da wannan sani, suka tarar da wasu itatuwan kurmi kamar iroko da afa da obece. Gungumen da aka daɗe ana jawowa ta ruwa zuwa Oko-Baba a Ebute Metta, da katakon da ke kasuwannin Agege da Iyana Ipaja, sun ƙara wa mai sassaƙa zaɓi. Sai dai kowane icce da halinsa. Obece taushi gare shi, ƙusa ma da yatsa za a iya fara dasa ta, don haka bai dace da ƙota ba. Iroko yana da ƙarfi, amma ƙurarsa na shaƙe mutum, tana kuma sa wasu ƙaiƙayin fata.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masassaƙi ya yarda da wannan, amma ya san a ɗanye ake fara aiki, a bushe ake gama shi. Ɗanyen icce na da sauƙin sara, don haka a lokacin ake fitar da siffa, a bar ta da kauri fiye da yadda ake so, sannan a ajiye a inuwa. Rana ita ce babbar abokiyar gāba a wannan mataki. Ruwa ya fi saurin fita ta bakin icce, wato wajen da aka yanke, fiye da ta gefensa, kuma idan baki ya bushe ciki na jiƙe, sai ya tsage. Dabarar ita ce a toshe bakin biyu da kakin zuma ko tsohon fenti, domin ruwan ya fita a hankali ta ko'ina. Masu aikin katako suna da ƙiyasin da suke bi, cewa kowane inci guda na kauri yana son kusan shekara guda kafin ya bushe a iska. Mai gaggawa ba ya wannan sana'a.

Legas kuma tana da nata jarrabawar. Icce ba ya daina numfashi ko bayan an sare shi, yana shan laima ya kumbura, yana sakinta ya motse. A Legas laimar iska kan wuce kashi 80 cikin ɗari a yawancin watanni, a Kano kuwa lokacin hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20. Saboda haka ƙotar da aka ɗaure tam a Iyana Ipaja, idan ta bi mai ita gida a watan Janairu, sai a ji ƙarfen yana lilo a ciki. Allon da aka fere a Arewa kuma, in ya sauka Agege da damina, yana iya kantarewa ko ya yi fumfuna idan an jingine shi a bango mai danshi. Gwani yana tambayar inda kayan za su zauna kafin ya matse su, kuma yakan bar iccen da ya zo daga nesa ya yi makonni a rumfarsa, ya saba da iskar wurin, kafin ya taɓa shi.

Ku tsaya ku kalli mai gizago yana aiki. Zai zauna a ƙasa, ya tokare iccen da ƙafa, bakin gizagon yana sauka taƙi kaɗan daga yatsunsa, tas, tas, tas, kowane sara yana ɗauke ɓawo siriri. Ba ya auna komai da ma'auni. Yana juya iccen bayan 'yan sara, domin jijiyar icce tana da inda ta kwanta, kuma in ka bi kwanciyarta sai ɓawon ya fita a naɗe, wurin ya yi sumul, in ka sāɓa mata sai ta yage ta bar rami. Idan ya zo kan gaɓa, inda reshe ya taɓa fitowa, sai ka ji sautin ya canza, hannunsa ya rage ƙarfi, ya zagaye ta ta ɓangarori. Daga gizago sai wuƙa, daga wuƙa sai magagari.

Huji shi ne inda ake gane ƙwarewa. Wajen ƙotar fartanya, maƙeri yana gasa wutsiyar ƙarfen har ta yi ja, ya soka ta cikin kan ƙotar, ta ƙona wa kanta mazauni daidai jikinta. Wajen lofe abin ya fi haka tsanani. Lofen kakanninmu kansa na yumɓu ne ko ƙarfe, sandarsa ta icce da ake hudawa da jan ƙarfe, amma lofen da aka yi shi gaba ɗaya da icce yana da ramuka biyu, babba na zuba taba, da siriri na zuƙa wanda faɗinsa bai wuce milimita 4 ba, kuma dole su haɗu a daidai gindin babban, a cikin duhun icce inda ido ba ya gani. Siririn ramin ya ɗan yi sama, taba ba za ta cinye ba. Ya ɗan yi ƙasa, gindin ya yi siriri ya ƙone.

To amma inda zuciyata ta fi karkata shi ne gyaran ƙarshe, domin a nan ake raba gwani da mai neman na abinci kawai. Kafin samfefa ta zo ƙasar nan, ana kankare icce da bakin wuƙa a tsaye, ko da fasasshiyar kwalba, wadda har yau babu abin da ya fi ta fitar da santsi a jikin icce mai tauri. A ƙasar Yarabawa akwai wani dangin ɓaure mai ganye mai kaushi da suke kira ipin, da shi masassaƙansu ke goge aiki. Yau samfefa ce, kuma tana da lamba: 80 mai kaushi ta share sawun magagari, 120 ta share sawun 80, sai 220, sai 400, haka har sama. Ba a tsallake. Wanda ya yi tsalle daga 80 zuwa 400 zai ga aikinsa ya yi kyau, amma ranar da ya shafa mai duk tsoffin ƙarce-ƙarcen za su fito fili. Kuma ana bin jijiya ne a tsaye, ba a gicciye ba. Tsakanin lamba da lamba gwani yakan goga tsumma mai ɗan danshi, ya bari ya bushe. Ƙananan zaruruwan da suka kwanta sai su miƙe, ya shafa ya ji kaushi, ya sake gogewa. Yin haka sau biyu ko uku shi ke sa gumin hannu ba zai tayar da su daga baya ba.

Sannan mai. Banish yana kwanciya ne a bisa icce kamar leda, yana ƙyalli ranar kasuwa, bayan wata shida a hannu sai ya fara ɓarewa. Mai kuwa shiga ciki yake yi. Man kaɗe da aka ɗan ɗumama, a shafa kaɗan, a bar icce ya sha, a goge ragowar, gobe a sake. Daga ƙarshe a murza kakin zuma, a goge da tsumma har wurin ya ɗauki zafi. A lokacin ne launin da ke ɓoye yake fitowa, jan maɗaci ya ƙara zurfi, zanen madobiya ya buɗe. Baƙin akushi ma ta wannan hanya yake samuwa, ana babbaka jikinsa da wuta ko jan ƙarfe, a bi shi da mai, shi ya sa akushin da ya ga jikoki yake ƙara kyau. Kayan da za su taɓa abinci ko baki ba a kusantar da su da baƙin man inji, ko da wani ya ce yana maganin ƙwari.

Wannan sana'a tana da 'yan'uwa a duniya. A garin Saint-Claude da ke tsaunukan Jura na Faransa, tun tsakiyar ƙarni na 19 ake sassaƙa lofe da ƙullutun saiwar wani ɗan icce na gaɓar tekun Bahar Rum mai jure wuta. Ana dafa guntayen cikin ruwa na sa'o'i masu yawa don fitar da ruwan ɗacin jikinsu, a shanya su watanni, a gama da wani kaki mai tauri da ake samu daga ganyen wata bishiyar dangin giginya a Brazil. Da Hon Lik, wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, ya ƙirƙiro sigarin lantarki a 2003, bayan 'yan shekaru sai ga masu sha'awar aikin hannu a Turai da Amurka da Asiya suna sassaƙa masa gida na icce a ɗakunan bayan gidajensu. Suna fafe ɗan guntun da bai fi cikin tafin hannu ba, su yi wa batir mazauni, galibi irin wanda ake kira 18650 saboda faɗinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65, su bar bango siriri ƙwarai. Icce siriri haka, ga zafin batir ga gumi, tsagewa zai yi, don haka suka rungumi wata dabara. Sai su gasa iccen a tanda har ruwansa ya ƙare ƙaf, su nutsa shi cikin ruwan roba mai launi a wata tukunya da ake zuƙe iskar cikinta. Iska na fita daga ƙofofin iccen tana kumfa. Idan kumfar ta tsaya aka saki iska, sai robar ta kutsa ta cike gurbin, a sake gasawa ta daskare. Abin da ya fito kusan ba ya shan laima kuma, ana goge shi da samfefa har lamba 12,000, ya yi ƙyalli ba tare da an shafa masa komai ba.

Ba hayaƙin nake yabawa ba. Taba, ta ganye ce ko ta lantarki, tana kama mutum da jaraba, tana cutar da ƙirji, kuma Jihar Legas ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a tun 2014, dokar tarayya ta biyo baya a 2015. Batir ɗin nan ma idan aka yi kuskuren haɗa waya yana iya kamawa da wuta a aljihu. Abin da ya ja hankalina shi ne wannan dabarar cusa wa icce roba amsa ce ga matsalar bambancin laima da ke tsakanin Legas da Kano, kuma masu ƙotar wuƙa da masu alƙalamin icce a ƙasashen waje da ita suke aiki. Irin ƙullutun da suke saye da tsada, mai jijiya a murɗe, shi ne wanda ake jefarwa a kasuwannin katakonmu don ba ya fitar da falanki, ƙarshensa murhun mai tuwo ko na mai gashi.

Madobiya ta ishe mu misali. An yi ta sare ta a dazuzzukan Taraba, inda 'yan kasuwa ke kiranta Madrid, ana loda gungume zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, daga nan sai ƙasar Sin, har sai da yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu daga 2017, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Mun sayar da daji a ɗanye, wasu suka ci ribar gyaran. Guntu ɗaya da ya rage daga abin da aka riga aka sare zai fitar da ƙotoci da dama, ko carbi, ko ɗan akwatin turare, ba tare da an kayar da sabuwar bishiya ba.

Saboda haka ina kira ga samarin Zango da na Iyana Ipaja masu sha'awar aikin hannu da su je su durƙusa gaban dattawan da ke riƙe da gizago tun suna raye, su koyi sanin icce da bin jijiya, sannan su ɗora sabbin dabarun a kai. Ku kuma masu saye, in kun ɗauki ƙota ko allo kuka ji ya kwanta a hannu, ku tambayi wane icce ne, ku biya kuɗin da mai shi ya faɗa.