Ousmane Sow da Dawakin da Bai Taɓa Hawa Ba

A Garwa, wanda ya ajiye aikin gwamnati yakan koma gona ko ya buɗe shago. Idan ya ce sassaƙa mutum-mutumi zai kama, za a ce tsufa ne ya fara taɓa shi, wasu kuma su tuna masa hukuncin gumaka, domin malamai da dama sun hana siffanta mai rai. Wannan ne ya sa nake son mu duba Ousmane Sow, mutumin Dakar da aka haifa a 1935, ya rasu a 2016.

Sow likitan gashin ƙashi ne, ya shafe shekaru yana tausa jikin majinyata a Faransa da Senegal. Sai da ya kai wajen shekara hamsin ya rungumi sassaƙa gaba ɗaya. A 1999 ya baje ayyukansa a kan gadar Pont des Arts ta birnin Paris, sama da mutum miliyan uku suka je kallo. Cikinsu har da Yaƙin Little Big Horn na 1876, inda 'yan asalin Amurka suka murƙushe rundunar Custer: dawaki 11 da mutane 24.

A ganina, ƙarfin Sow daga sana'arsa ta farko ya fito. Hannun da ya san yadda jijiya ke ɗaurewa don zafi, shi ne ya iya gina sojan da ke faɗowa daga sirdi har mai kallo ya ji ciwon a jikinsa. Jinkirin nan makaranta ce ya yi.

Inda nake da ja da shi, jiki ya sani fiye da mutanen. 'Yan kokawar Nuba daga hotunan Leni Riefenstahl ya ɗauko su. Fulaninsa kuwa kyawawa ne, amma wanda ya zauna da Fulanin bakin Binuwai zai nemi kunyar nan ta pulaaku, ya tarar tsoka ta rinjaye ta.

Arewacin Kamaru ba baƙo ba ne a wannan fage. Mutanen Sao sun bar siffofin yumɓu a yankin Tafkin Chadi, Kotoko kuma sun zuba ƙananan mahaya doki da tagulla. Dattijon da ya zaɓi wannan hanya bayan ya auna ta da addininsa, ya ɗauki darasin Sow: ya shigo da ilimin tsohuwar sana'arsa. Amma ya fara da abin da idonsa ya sani, kamar dokin Lamiɗo ranar hawan Sallah.