Masu gasa tawada da haske

Mai ratsa unguwar Briqueterie a Yawunde, hankalinsa yakan tafi ne ga hayaƙin masu tsire da shaddodin da ke rataye a ƙofar teloli. Amma a tsaya a teburin mai kayan waya a ɗauki rigar waya guda, irin mai hoton Ka'aba ko na Samuel Eto'o, a shafa ta da yatsa. Zanen ya ɗan tasa kuma ya kama roba gam, ko an jiƙa shi ba ya zuba. Da yawa daga cikin irin waɗannan, da allunan sunan ofis da kyaututtukan biki na gilashi, da injin UV ake buga su, kuma tawadarsu ba bushewa take yi ba, haske ne ke sandarar da ita nan take.

Tawadar allo ruwa ce da zuge da ƙaro: ruwan ya tafi, baƙin ya zauna, in an wanke ya fita. Ta manyan tallunan leda kuwa sai sinadarinta ya tashi a iska, shi ne warin nan da ke cika shago. Ta injin UV dabam take. Kusan babu abin da ke tashi daga cikinta. Launi ne a cikin wani ruwan roba da ake kira akirilet, tare da ɗan sinadarin da aikinsa kawai jiran haske. Kan injin yana fesa ɗigo-ɗigo, fitila tana manne a gefensa tana biye. Da hasken ya sauka, sinadarin nan ya farka, ƙwayoyin ruwan su sarƙe da juna, kafin ƙiftawar ido sun zama roba mai tauri. Unguwar Briqueterie ta samo sunanta ne daga wurin gasa bulo na zamanin Jamusawa, don haka misalin yana gida: tubalin laka bushewa yake yi, ruwan sama ya mai da shi laka, jan bulo kuwa da ya shiga wuta ya tashi daga laka ke nan.

Hasken kansa, wato UV, ido ba ya ganinsa. Wani Bajamushe, Johann Ritter, ya gano shi a birnin Jena a 1801, lokacin da ya lura gishirin azurfa yana baƙi a bayan inda launin shunayya ya ƙare. Injinan da ke bugawa kai tsaye a kan katako da gilashi sai a farkon shekarun 2000 suka shigo kasuwa, kamfanin Inca Digital na Cambridge a Ingila yana cikin na gaba-gaba. Na farkon da fitilar zaiba suke aiki, mai zafi, mai shan wuta, sai an jira ta ɗumama, kuma bayan awa kamar 1,000 ta fara rauni. Yanzu fitilar LED ta karɓe ƙananan injina, tana ba da haske mai tsawon nanomita 385 zuwa 395, tana kamawa da an kunna, tana wuce awa 10,000. Ga mai shagon da kan koma janareta in an ɗauke wuta, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Akwai injinan Mimaki da Roland daga Japan, akwai masu rahusa daga Sin.

To amma inji ba ya yin gwani. Mai wannan sana'a da safe ba ya fara da aikin kowa. Sai ya buga layukan gwaji a kan farar leda, ya kai ido kusa ya ga ko wata ƙofar tawada ta toshe. Sai farar tawada, uwar rigima. Hodar da ke ba ta fari tana da nauyi, tana kwantawa a ƙasan tanki, in ba a motsa ta kullum ba ta toshe kai, kai kuwa yana cikin abubuwa mafi tsada a jikin injin. Daga nan ya goge abin da zai buga da sifirit, domin maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya sa hoto ya ɓare, balle jar ƙurar Yawunde. Gilashi da ƙarfe sai an shafa musu ruwan share fage tukuna. Ya saita tazarar kai, milimita 1 zuwa 2. In ta yi yawa hoto ya yi hazo, in ta yi kaɗan kai ya daki kaya.

Inda na fi sara masa shi ne wajen auna haske. In ya yi kaɗan, sama ta sandare ƙasa na ɗanye, ko fuskar ta yi danƙo tana wari, don iskar da muke shaƙa tana hana fuskar tawada kamawa. Baƙi ya fi taurin kai, launinsa na shanye hasken kafin ya kai ƙasa, sai a rage gudun inji ko a ƙara zagaye. In kuma haske ya wuce kima, tawada ta yi tsauri, ka lanƙwasa jakar fata zanen ya tsattsage. Shi ya sa ake da tawada mai laushi ta fata da mai tauri ta tayil. Ga madubi da duk abu mai sheƙi akwai wani tarkon: haske kan dawo sama ya sandarar da tawada a bakin kai, saboda haka gwani yakan rufe gefen da ba za a buga ba. Ko kwalbar tawadar ma mai duhu ce, kuma ba a ajiye ta kusa da taga.

A kan baƙar roba fari ne ke fara sauka, launuka su hau kansa. A bayan gilashi kuwa juya hoton ake yi, launuka su riga, fari ya rufe. Da an gama, ya kankara da farce, ko ya tsaga gefe da reza ya liƙa salatif ya fizge. In salatif ya fito da launi, aikin bai yi ba, komai kyan hoton.

Saura magana ɗaya ga iyayen gida masu yaran koyo. Ɗanyar tawadar nan tana jawo ƙaiƙayi da kumburin fata, wani in jikinsa ya fara ƙin ta ba ya dainawa, hasken kuma yana lahanta ido tun mutum bai ji ba. A saya wa yara safar hannu da tabarau, a buɗe wa shago hanyar iska. Kai kuma mai kawo aiki, kada ka yarda a buga maka ita a cikin kwanon abinci ko bakin kofi, kuma kafin ka biya, ka shinshina ka gwada da farcenka.