Soke Zaɓen 12 ga Yuni a Littafin Babangida: Wa Ya Ɗauki Laifin?

A watan Fabrairun 2025 Janar Ibrahim Badamasi Babangida ya ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarsa, A Journey in Service, a Abuja. Abin da ya fi jan hankali a ciki shi ne amincewarsa cewa Cif M.K.O. Abiola na jam'iyyar SDP ne ya lashe zaɓen 12 ga Yunin 1993, wanda gwamnatinsa ta soke. Ya nuna nadama, ya kuma ce alhakin yana wuyansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da shugabanni ba su saba amsa kuskure ba. Amma mu masu karatu, dole mu duba yadda aka tsara labarin.

A faɗarsa, ranar 23 ga Yuni yana Katsina wajen ta'aziyyar Alhaji Musa 'Yar'aduwa, sai ya ji an sanar da soke zaɓen ba da izininsa ba. Ya ɗora abin a kan wasu hafsoshi da ya ce Janar Sani Abacha ne jagoransu. Da wannan tsari, shugaban ƙasa kuma babban kwamandan askarawa ya koma ɗan kallo a cikin labarinsa. Alhakin da ya karɓa da hannun dama, ya miƙa wa wani da na hagu, har mai karatu ya fara tausaya masa.

Sai dai tarihi bai tsaya a Katsina ba. Ranar 26 ga Yuni Babangida da kansa ya yi wa ƙasa jawabi yana kare sokewar, ya kuma zauna a kan mulki har ƙarshen Agusta, kafin ya miƙa wa gwamnatin riƙo ta Cif Ernest Shonekan. Wanda aka yi wa shigo-shigo ba zurfi, ya samu wata biyu da zai warware ƙullin. Bai warware ba.

Sannan mu lura da lokacin da furucin ya zo. Abacha ya rasu a Yunin 1998, Abiola ya rasu a tsare wata guda bayansa. Alhaji Bashir Tofa na NRC ya rasu a 2022, shugaban hukumar zaɓen, Farfesa Humphrey Nwosu, a 2024. Tun 2018 Shugaba Buhari ya mayar da 12 ga Yuni Ranar Dimokuraɗiyya. Wato an amsa abin da kowa ya sani, bayan waɗanda za su iya ƙaryatawa sun kwanta dama. Iyalan Abacha sun musanta, amma mamaci ba ya rubuta martani. A wajen bikin kuwa, attajirai alƙawarin biliyoyin naira suka yi don gina ɗakin karatu da sunan marubucin.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Abiola ya kayar da Tofa har a Kano, jihar Tofan. Ƙuri'un talakawan Arewa na cikin waɗanda aka zubar, amma shekara da shekaru ana cewa Arewa ce ta hana Bayarabe mulki. Waɗannan masu zaɓe sun cancanci cikakken bayani, ba rabinsa ba.

A al'adarmu, mai neman gafara yakan je wurin wanda ya zalunta, ya ambaci laifin da sunansa, ya mayar da abin da zai mayu. Littafin ya fi kusa da neman sassauci a kotun tarihi. Mu karanta shi, domin shaidar mai ruwa da tsaki tana da amfani, amma mu ajiye jawabin 26 ga Yuni kusa da shi. Duk shugaban da ya kawo mana irin wannan littafi gobe, mu tambaye shi abin da ya yi a ranar da gyara yake hannunsa.