Finjali Uku a Zangon Damagaram

Na sha shayi a Kano, na sha a Maraɗi, amma wallahi ban san daɗin shayi ba sai daren da na zauna a wata fadar samari a unguwar Zango, cikin Damagaram. Har yanzu in na tuna, sai yawuna ya tsinke.

Wani dattijo Ba'abzine ne a bakin wuta, ya naɗe fuska da rawani, ba ruwansa da gaggawa. 'Yar butarsa shuɗiya, gindinta ya yi baƙi ƙirin, tana zaune a kan murhun waya, gawayi ya yi jajir. Koren ganyen ƙasar Sin ya zuba, wanda ake mulmulawa ƙanana kamar ƙwayar dawa. Da ya dahu, sai ya ɗaga buta sama kamu guda, ya saki ruwan siriri cikin finjali, ya mayar, ya sake, har kumfa ya hau ya tsaya cak. Ko ɗigo bai zuba ƙasa ba!

Na fari ya iso hannuna da launin zuma mai duhu. Ƙamshin ya riga shi zuwa, ganye da ɗan hayaƙin gawayi. Na kurɓa. Ɗaci ya kama mini harshe tun daga baki har maƙogwaro, amma ɗaci ne mai tsabta, ba na ganyen da aka ƙona ba. Yana sauka sai sukari ya biyo shi a hankali. Barcin da na kwaso daga tasha nan take ya gudu. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara wa hannun nan albarka." Ya ce, "Yaro, dakata tukuna, ba ka sha komai ba."

Gaskiyarsa. Na biyu shi ne sarki. Ganyen ya huce, na'ana'a ta shiga, ɗaci da zaƙi suka yi kunnen doki, babu wanda ya danne wani. Sanyin na'ana'ar nan ya daɗe a bakina, kumfan kuma yana manne a jikin finjali bayan na shanye. Da ana ba shayi rawani, da a nan zan naɗa. Na uku mai sauƙi ne, zaƙi zalla, irin wanda ake miƙa wa yara. Ni dai da an rage masa sukari kaɗan.

Ban yi mamakin samun wannan gwaninta a Zango ba. Nan ayarin raƙuma daga Agadas suka riƙa sauka tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birnin Damagaram da ganuwa, kuma garin ne babban birnin Nijar har 1926. Ita kanta fadar samari, wadda ta aro sunanta daga fadar sarki, a Damagaram ta yi ƙarfi cikin shekarun 1990 kafin ta bazu a ƙasar, kuma butar shayi ce ke riƙe da ita.

Kusan awa biyu muka yi a kan finjali uku. Washegari da sassafe na nufi kasuwar Dole, na sayo buta shuɗiya da murhun waya, na koma Zango in roƙi Baba ya koya mini ɗaga hannu.