Na'ura ta iya hanya, ba ta san fargaba ba

Abin da ake yayi yanzu a majalisun samarin Haɗejiya shi ne a ce ƙirƙirarriyar basira ta fara tunani, har ma wai ta san kanta. Ni ban yarda ba, kuma ilimin ƙwaƙwalwa ne ya hana ni yarda.

Dubi masuncin Guri ko na Kirikasamma a watan Satumba. Ruwa ya shanye gonaki, ciyawar kachalla ta toshe mashigar da ya bi bara, gari bai gama wayewa ba, amma ya tura kwale-kwalensa ya ratsa ta nan, ya kauce wa kututturen da ke ƙarƙashin ruwa, ya tsaya cak inda ya bar ragarsa. Ka tambaye shi yadda ya yi, sai ya ce maka sabo ne. Masana sun leƙa cikin wannan sabon. A 1971 John O'Keefe ya gano a Landan cewa akwai ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar ɓera da ba sa motsawa sai ya iso wani wuri takamaimai. A 2005 May-Britt da Edvard Moser na Norway suka gano wasu masu auna fili da tazara, su ukun suka raba kyautar Nobel a 2014. Abin da ya fi ɗaure mini kai ya zo a 2018: kamfanin DeepMind ya koya wa na'ura neman hanya, sai ga irin wannan tsarin ya ɓullo a cikinta, ba wanda ya dasa shi.

To, iya hanya dai ta iya. Google ma na da manhajar Flood Hub mai hasashen ambaliya har kwana 7 kafin ta iso, kuma duk wanda ya ga ɓarnar 2022 a Jigawa ba zai raina wannan ba.

Sai dai ka taɓa ganin wanda aka yi wa allurar barci za a shiga da shi tiyata? Ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa, kimanin biliyan 86, suna nan daram, zuciya na bugawa, amma shi ba ya nan. Bayan awa biyu ya buɗe ido yana neman ruwa. Me ya tafi, me ya dawo? Wannan ce tambayar da David Chalmers ya kira mai wuya tun 1995, har yau masana na ja-in-ja a kanta. Abin da ba mu gane a kanmu ba, da wane ma'auni za mu rantse cewa waya na da shi, don kawai ta iya jera zance?

Ni damuwata ta fi kusa da gida. Ina so hasashen ambaliyar nan ya riƙa isa Auyo da Kafin Hausa da Hausa, ta rediyo da bakin masu unguwanni, a kan lokaci. Manomin da gabansa ke faɗuwa shi zai zaɓa: ya yanke shinkafarsa ba ta gama nuna ba, ko ya ƙara mata kwana uku.