Mahaifiyar Umar a Hanyar Murzuk: Mace Matafiyiya a Cikin Littafin Shaihu Umar

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1934 da aka buga littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, manazarta adabin Hausa sun fi mayar da hankali ga tauraronsa, wato yaron da aka sace, aka sayar, ya tashi a ƙasar Larabawa, ya komo gida yana babban malami. Daga nan ne aka saba fitar da jigon littafin, watau bauta da haƙuri da yarda da ƙaddara. Wannan maƙala ba ta musa wannan fahimta ba. Manufarta ita ce ta jawo hankali ga tafiya ta biyu da ke cikin littafin, wadda ba a cika tsayawa a kanta ba, wato tafiyar mahaifiyar Umar daga ƙasar Hausa zuwa Tarabulus. Za a nuna cewa a nan ne marubucin ya fi faɗin gaskiya game da haɗarin da ke jiran mace idan ta bar ƙasarta, kuma a nan ne littafin ya fi rauni.

2.0 Littafin da Zamaninsa

Shaihu Umar yana cikin littattafan da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi. A lokacin marubucin matashin malamin makaranta ne a Bauchi. Abin lura shi ne ba a soke bauta baki ɗaya a dokar Nijeriya ta Arewa ba sai a 1936. Ke nan waɗanda suka fara karanta littafin suna zaune tare da tsofaffin da suka ga hari da idonsu. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, ya tabbatar da yadda ake kame mata a ƙasar Zazzau, dangi su bi sawu su fanso su. Saboda haka abin da ya sami mahaifiyar Umar ba tatsuniya ba ne a kunnen masu karatu na farko. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976.

3.0 Tafiya Biyu, Makoma Biyu

Idan aka dubi zubi da tsarin littafin za a ga an gina shi a kan tafiya biyu masu bin hanya ɗaya, amma makomarsu ta sha bamban. Umar ya ƙetare hamada yana bawa. Balaraben da ya saye shi a Kano, Abdulkarim, ya riƙe shi tamkar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu a Ber Kufa, har ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa. Mahaifiyarsa kuwa ta shiga hamada da ƙafarta da niyyarta, tana neman ɗanta. Wani mai suna Ado ya yi mata alkawarin kai ta inda yaron yake. A Murzuk alkawarin ya warware, ta wayi gari baiwa, daga can aka wuce da ita Tarabulus. A nan ɗanta ya same ta wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

Watau hanyar da ta ɗaukaka ɗa ita ce ta kassara uwa. Nesa da gida ta buɗe wa namiji ƙofar ilimi, mace kuwa ta raba ta da duk wanda zai shaida ko ita wace ce. Wannan gwami shi ne ƙashin bayan littafin, ko da yake marubucin bai fito fili ya ambace shi ba.

4.0 Ina Haɗarin Yake?

A al'adance, idan aka yi maganar haɗarin tafiya ga mace, amsar da ake bayarwa ita ce kada ta fita ita kaɗai. Littafin bai goyi bayan wannan amsa mai sauƙi ba, saboda dalilai uku.

Na farko, garkuwarta ta gida ba ita ta yar da ita ba. Makircin fadawa ne ya sa aka kori mijinta Makau daga gari, iyalin ya tarwatse. Zaluncin fada shi ne mafarin tafiyarta.

Na biyu, ba ita kaɗai ta shiga hamada ba, jagora ta bi. Marubucin ya san haɗarin kura da guguwar rairayi, ya kuma yi amfani da su a wasu sassan labarin, amma bai sa ko ɗaya daga cikinsu ya taɓa ta ba. Wanda ya cuce ta shi ne wanda ta amince wa, mai jin harshenta, mai sanin hanyar da ba ta sani ba. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma ɗan jagoran nan ne ya sayar da makahonsa.

Na uku, ko da al'amarinta ya je gaban alƙali a Murzuk, shari'a ba ta tsamo ta ba. Ba ta da dangi, ba ta da shaida, ba ta da sarkin da zai yi magana dominta. A nan littafin ya nuna cewa 'yancin mace a ƙasar waje ba abu ne da take ɗauke da shi a jikinta ba, sai an sami hukumar da za ta tsaya masa.

5.0 Raunin Littafin

Duk da haka, akwai abin sukar. Umar ne mai ba da labari, yana zaune cikin almajiransa a Rauta, saboda haka mai karatu yana sanin matar ne a matsayin mahaifiyar malam kawai. Shekarun da ta yi a hannun iyayengiji an taƙaita su cikin 'yan shafuka, ba a shiga zuciyarta ba. Bugu da ƙari, an rufe labarinta da haƙuri da sallamawa, ba a nuna an tuhumi kowa ba. Ana iya cewa wannan salo ya dace da bakin malami mai kunya da kamewa. Amma illarsa ita ce ya mayar da laifin mutane sanannu ya zama kamar ƙaddara tsagwaronta, manazarta kuma suka bi marubucin a kan haka.

6.0 Daga Murzuk zuwa Abuja

Wannan karatu ba na tarihi kaɗai ba ne. Murzuk tana yankin Fezzan na kudancin Libiya, yankin da hanyar bakin haure daga Agadas take ratsawa. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, 33 mata, 52 yara, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, direbobin suka tafi suka bar su. A watan Disambar 2018 kuma an kama wata ɗaliba daga Kano a Madina, bayan an sami ƙwayar Tramadol a wata jaka da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ba da saninta ba. Tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta ta je Umra. Ba a sake ta ba sai a ƙarshen Afrilun 2019, bayan gwamnatin tarayya ta sa baki.

Bambancin makomar wannan ɗaliba da ta mahaifiyar Umar shi ne an sami hukumar da ta tsaya mata. A Abuja ne hedkwatar Hukumar Yaƙi da Fataucin Mutane, wato NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, aka kuma sabunta dokarta a 2015. Aikin irin wannan hukuma shi ne cike gurbin da alƙalin Murzuk ya bari, da farautar irin su Ado na yau, waɗanda ke zuwa ƙauyuka da alkawarin aikatau a ƙasashen Larabawa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Shaihu Umar ya gane inda haɗarin mace matafiyiya yake, wato zaluncin da ya fitar da ita daga gida, da jagoran da ya ci amanarta, da hukumar da ta kasa kare ta. Ta kuma nuna cewa marubucin bai ba wannan mata bakin magana ba. Ya kamata masu koyar da littafin a makarantu su riƙa tsayawa a kan tafiyarta kamar yadda suke tsayawa a kan ta ɗanta. Haka kuma akwai buƙatar a yi nazarin kwatanci tsakaninta da taurari mata da ke cikin littattafan da matan Hausawa suka rubuta daga 1984 zuwa yau, domin a ga yadda labarin yake sauyawa idan mace ce ta riƙe alƙalami.