Masu Karatun Rairayi: Direbobin Kasuwannin Damargu

Wanda ya taɓa shiga motar kasuwa a ƙasar Belbeji ya san abin da ke faruwa idan hanyar marmara ta ƙare, rairayi ya fara. Direba zai tsaya, ya sauko, ya tsuguna gaban taya da ƙusa ko tsinken ashana a hannu, ya danna bakin bututun iska. Yana sauraron ƙarar iskar da ke fita, yana kallon yadda cikin tayar ke buɗewa a ƙasa, jim kaɗan ya danna ta da babban yatsa, sannan ya matsa ga ta gaba. Ba shi da ma'aunin iska, kunnensa da idonsa ne ma'auninsa. Idan ya gama zagaye tayoyin huɗu sai ya ce da yaron motarsa: "Kai yaro, duba igiyoyin kaya, mu tafi tun rana ba ta yi ba." Daga nan har inda za a sauka, rayukan mutane da dukiyarsu suna hannun Allah, suna kuma hannun wani ilimi da mutumin nan ya yi shekaru yana tarawa. Ilimin nan nake son mai karatu ya san darajarsa.

Belbeji na yammacin kwaltar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Tanut zuwa Agadas. Matafiyi kan bar kwalta wajen Sabon Kafi ya karkata yamma, kuma in ya zarce Belbeji zai faɗa ƙasar Dakwaro ta jihar Maraɗi. A 2011 aka cire Belbeji daga Tanut aka mayar da ita gunduma mai zaman kanta, kuma ƙidayar 2012 ta samu kusan mutum 100,000 a cikinta: Hausawa, Buzaye, Fulani da Dagirawa, manoma da makiyaya. Ƙasa ce da ke kan iyakar noma da kiwo, ga kwarin Tarka ya ratsa ta. Mafi yawan ƙauyuka da rugage da rijiyoyinta babu wata hanya da hukuma ta shimfiɗa musu. Abin da ke haɗa su da kasuwa shi ne sawun taya a kan jigawa, wanda iskar hunturu kan shafe cikin dare ɗaya.

Tun kafin mota Damargu, yankin da Belbeji ke cikinsa, ta san masu wannan irin aiki. Ita ce rumbun hatsin Abzin, ta nan ayarorin raƙuma ke bi tsakanin Kano da Damagaram da Agadas har zuwa Gat da Tarabulus, kuma geronta ake kaiwa Bilma da Fashi a musanyo gishiri da dabino. A Janairun 1851 matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, ya iso Damargu tare da ayarin gishiri na Kel Ewe, kuma a nan ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, shi ya nufi Katsina da Kano. Kowane ayari yana da madugu mai ɗaukar nauyin tafiya da jagaba mai sanin hanya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin Sahara ya ja baya, amma buƙatar wanda ya san ƙasa tana nan. Direban kasuwa na yau shi ne madugu, shi ne jagaba.

Abu na farko da ya sani shi ne rairayi iri-iri ne. Akwai wanda iska ta daddale ya yi tauri, ana gane shi da ƙananan layuka a fuskarsa. Akwai wanda ta tara a bayan tudu, fari sol, mai laushi kamar gari, wanda ke haɗiye taya har gindi. Gefen tudun da iska ke bugawa ya fi ƙarfi, gefen da take zubar da yashi shi ne tarko. Inda ƙarangiya ta yi shimfiɗa saiwoyinta sun riƙe ƙasa, mota za ta wuce. Inda ya hango gidan gara ko aduwa sun yi layi, ya san akwai laka a ƙasa, wurin zai ɗauki nauyi. Duk wannan karatun yana yin sa ne mota na tafiya, idonsa na can gaba da nisa, domin wanda ya tsaya kallon abin da ke gaban hancin motarsa ya riga ya makara.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Rairayin asuba da sanyin dare ya kwanta a kansa ya fi haɗuwa, na azahar kuwa rana ta gasa shi ya saki jiki. Shi ya sa gwanin direba ke son ya ƙetare wurare masu wuya kafin hantsi ya dubi ludayi, shi ya sa kuma yake fushi da mai kayan da ya ɓata masa safiya.

Rage iskar taya da muka fara da shi yana da dalili. Taya mai cike da iska ƙaramin wuri take takawa, sai ta nutse kamar ƙafar jaki. Idan aka rage, sai ta baje ta yi kamar tafin raƙumi, nauyin motar ya rarrabu, ta riƙa yawo a saman yashi. Amma akwai iyaka. In an rage da yawa, tayar kan fice daga ƙarfenta a kan kwana, ko kututture ya yage gefenta. Da an koma kan marmara ko kwalta kuma dole a tsaya a mayar da iska da famfo, in ba haka ba ta yi zafi ta fashe. Sanin daidai wurin tsayawa tsakanin yawa da kaɗan, gwargwadon nauyin kayan ranar, shi ne abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo.

Sai kuma ƙafa. Tun kafin ya shiga yashi mai zurfi ya zaɓi giyar da za ta fitar da shi, domin canza giya a tsakiya yana kashe gudu, kuma mota in ta rasa gudu a rairayi ta zauna ke nan. Ba ya taka birki da ƙarfi, sai ya saki totur yashin ya tsayar da ita. Ba ya murza sitiyari farat ɗaya. In zai tsaya sauke fasinja, yakan nemi fako ko gangare, don tashi ya yi sauƙi. Idan kuma duk da haka ta kafe, a nan ake ganin natsuwarsa. Ɗan koyo kan ƙara wuta, tayoyi su tona wa kansu rami har cikin motar ya zauna a ƙasa. Gwani kuwa da ya ji ta fara nishi sai ya ɗaga ƙafa, ya gwada komawa baya a kan sawunsa. In ta ƙi, a sauko da shebur da farantan ƙarfe, a share gaban tayoyi, a shimfiɗa, in babu faranti a sa rassan sabara ko tsohuwar zana. Sannan ya juya ga mutane: "Alhaji, ku yi haƙuri ku sauko. Samari, ku kama mana. Iya, ke zauna abinki." A tura, ta fita, ba ya tsayawa sai ya kai wuri mai tauri, kowa ya bi ta da ƙafa.

Da damina ta sauka, sai karatun ya juye. Rairayin da ake gudu da rani, ruwa ya daddale shi ya zama hanya mai daɗi. Fakon da kwarin da ake nema da rani kuwa sun koma taɓo mai riƙe mota kwana biyu. Saboda haka direba yana da hanyoyi biyu a kansa zuwa kowane gari, ta rani da ta damina. Idan ya iso ƙorama tana gudu, yaron mota ne zai shiga da sanda ya auna zurfi da taurin ƙasa, kuma in ruwan ya zo da ƙarfi sai a jira ya janye, don hanyar lafiya a bi ta da shekara. A lokacin nan gonaki sun rufe ko'ina, dole ya san inda burtali yake, don kada ya taka shukar wani ya jawo rigima a ƙauyen da zai sake bi mako mai zuwa.

Lodi ma fanni ne. Buhunan gero da wake a ƙasa, a tsakiya, nauyi ya daidaita tsakanin gaba da baya. Awaki da tumaki a inda ba za su danne juna ba. Tsofaffi da mata masu goyo a wuri mafi sauƙin girgiza. Jarkokin ruwa kuwa ba a barin su ko da za a bar buhu, domin inji na zafi a yashi, kuma a Damargu rijiya na da nisa, ruwanta na da zurfi. Idan sifirin ya karye a daji, da katako da igiyar roba ake ɗaure shi har a kai gari. Idan ƙura ta toshe matatar mai, a nan gindin itace za a kwance a wanke. Babu makarantar da ke koyar da wannan. Yaro kan yi shekaru yana karen mota, yana ɗaure kaya, yana haƙa yashi, yana kallon ƙafar maigidansa, kafin a ba shi sitiyari a fili, daga baya a ba shi a tudu. Ranar da maigida ya yi barci ya bar shi da mota cike da mutane, ranar ya san ya ƙware.

To ina ruwan wannan ilimi da kasafin kuɗi? Kowace sa'a da mota ta ɓata a yashi, kowace litar mai da ta ƙone a banza, kowace tayar da ta yage, wani ne ke biya. Manomin da ke nesa da hanya yana sayar da tiyar geronsa da araha saboda ɗan kasuwa ya cire kuɗin mota, sannan ya sayi sukari da sabulu da magani da tsada. Mace mai naƙuda da haihuwa ta gardama, wadda dole a kai ta Tanut ko Damagaram, tana biya da abin da ya fi kuɗi. Ita ma ƙaramar hukuma abin ya shafe ta, domin baitulmalinta na dogara ne da lanho da kuɗin kasuwa da na tasha da na dabbobi, sai tallafin da ke zuwa daga gwamnati ta hannun hukumar ANFICT. Kasuwar da motoci suka cika ita ke cika asusun gari.

An zuba jari mai yawa a Damargu, gaskiya ne. A ƙaramar hukumar Ollelewa aka gina matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana. Kwaltar Damagaram zuwa Agadas wani yanki ne na babbar hanyar Sahara da ta haɗa Aljas da Legas. Tarayyar Turai ta sa kuɗi a gyaran ɓangaren Damagaram zuwa Tanut, kuma a 2021 Bankin Duniya ya amince da kuɗin gyara ɓangaren Tanut zuwa Tigidit, sama da kilomita 200. Waɗannan manyan ayyuka ne masu amfani. Sai dai buhun geron da ke ƙauyen Tarka ba zai amfana da kwalta ba sai ya kai bakinta, kuma tsakaninsa da ita akwai rairayin da muka bayyana.

Shimfiɗa hanyar marmara a irin wannan ƙasa yana da tsada. Dole a yi jigilar marmarar daga inda ake haƙo ta, dole a samu ruwa mai yawa a jiƙa ta kafin a danne, ga shi ruwan ne ya fi komai wuya. Bayan an gama kuma sai ta fara gargada, yashi ya hau ta, ruwa ya zaizaye gefenta, in ba ana kankare ta ana ƙara mata marmara a kai a kai ba ta mutu cikin ƴan shekaru. Asusun kula da hanyoyi na ƙasa, wato FER, hanyoyin da ke wuyansa sun yi masa yawa. Ba wata ƙaramar hukuma a Damargu da za ta iya yi wa kowane ƙauye hanya.

Amma ba dukan hanya ce ke hana tafiya ba. A tafiyar yini guda, wuraren da ke kafe mota ba su da yawa: wani tudun yashi, wata ƙorama, wani kwari mai taɓo. Idan aka zuba marmara a kan tudun nan, aka yi daɓen siminti a maƙetarar ƙoramar, aka sa kwalbati a kwarin, aka dasa itatuwa su tare yashi, hanya ta buɗe rani da damina da kuɗin da bai kai na sabuwar hanya ba. Wa ya san waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu, da watan da kowane ke tashi? Direban kasuwa da yaron motarsa. Injiniya na zuwa ne sau ɗaya da rani, su kuwa kowane mako suna bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Su ma direbobin akwai nasu haƙƙin. Lodin da ya wuce ƙima yana kashe hanya, yana kuma kashe mutane. Bin marmara da babbar mota tana jiƙe da ruwan sama yana rusa aikin shekara cikin yini ɗaya. Gwani na gaskiya ya san wannan, kuma shi ya fi cancanta ya tsawata wa na baya.

Kirana ga masu riƙe da ƙananan hukumomin Tarka da Gangara da Tanut da Ollelewa da sauransu, da masu ba da tallafi, shi ne: ranar da za ku zauna tsara kasafin shekara, ku aika tasha a kira tsofaffin direbobi da ƴan kamasho. Ku shimfiɗa taswira a gabansu, su nuna muku inda mota ke kwana. Ku fara da nan, ku kuma ware kuɗin gyara tun ranar da kuka ware na gini. Kai kuma mai karatu, in Allah ya kai ka Belbeji ka ga direba tsugune gaban taya yana sauraron iska, ka gaishe shi da girmamawa. Da iliminsa geron Damargu ke isa kasuwa, da shi marar lafiya ke isa asibiti.